Shekarar da Na Fita Neman Jika

Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewayewa, wato shekarar da na rufe ɗakina a Garhanga na bi ƙasa ina neman wanda zai ba ni jika. Na san abin da ake gaya muku. Ana cewa ƴaƴana maza biyu kowa gidansa cike da yara, amma na tsallake su na je na ɗauke wa ƴata Habsu ɗanta ɗaya tilo, na bar ta ta tsufa a ɗaki wayam. Na ji maganar a bakin rijiya, na ji ta a gidan suna, har a bakin matan da na yi wa wankan jego da hannuna. Ban taɓa tankawa ba, don a lokacin Habsu tana da rai, kuma zancen nata ne kafin ya zama nawa. Yau ba ta, ni ma ba daɗewa zan yi ba. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi, kowa kuma ya riƙe bakinsa sai na kai ƙarshe.

Kakanku ya rasu cikin shekarun da Turawa suke yaƙinsu can wata duniya, mu kuma muna biya musu a nan. Zane ya ɓace a kasuwa, gardi, wato dogaran Turawa, suna yawo ƙauye ƙauye suna karɓar hatsi da bisashe, ana kwasar maza aikin hanya. Ƴaƴana uku duk sun riga sun watse tun shekarar da fara ta cinye gonaki, kowa ya kafa gida inda ya sami abin kaiwa baki. Da na fita takaba sai na waiwaya na ga daga ni sai awaki. Ban gama shanya zanen takabar ba ƙanen kakanku, Idi, ya yi sallama. Ya zauna bakin zaure yana wasa da carbi, ya yi ta gaisuwa har na gaji, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Mace ɗaya ba ta riƙon gida," in ji shi. "Ki tahi wurin ɗiyanki ki huta, in sa Sanda da matatai ciki."

"Hutu nic ce maka ina so?"

"To, ga magana ɗaya. In kin samo jika wanda za ya zamna da ke, gida naki na. In damana ta ishe ki ke ɗai, sai ki yi mini haƙuri."

Ba mugu ba ne Idi, kada ku ɗauka haka. Ɗansa Sanda ya yi aure ba shi da wurin zama, kuma haka ake yi a garinmu. Amma gidan nan ina yarinya aka kawo ni cikinsa. Rumbun ƙasa da ke tsakar gida ni na ɗebo ruwan kwaɓinsa, gamanata, ƴar gonar da nake noma wa kaina, tana nan bayan gari inda ruwa ke kwanciya, kuma ban taɓa tambayar kowa izini ba kafin in ɗebi hatsi. Na ga yadda tsofaffi ke zama a gidan ɗa. Ana ba su ɗaki kusa da turken akuya, ana girmama su, suna jiran a miƙo. Ni ban iya jira ba, ko kakanku ya sha fama da ni a kan haka. Na ce a raina jikoki ina da su kamar ƴan tsaki, ɗaya ba zai gagara ba. Yarinya nake so wadda ta isa aike, mai ɗebo wuta da kora awaki. Da aka gama kai hatsi rumbu na ɗaure wake da busasshiyar kuɓewa da daddawa, na ba maƙwabciya amanar awaki, na hau tsohon jakin kakanku.

Ibohamane na fara nufa, wurin babban ɗana, wanda har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Na bi wasu masu kai tabarmi kasuwa. Wanda bai taɓa hawa tudun nan ba zai ce kusa ne. Dutse ne baƙi shimfiɗe iyakar ganinka, ba inuwa sai ta ƴar sabara da ba ta rufe ko kan jaki, ka gangara kwari ka ce ka iso, sai wani tudun ya tsaya maka. Jakin ya tsufa kamar ni, in ya ga hawa sai ya tsaya yana tunani, dole in sauka in ja shi. Masu tabarmi suka yi ta yi mini dariya, wai ba su san wanda ya ɗauko wani ba tsakanina da shi.

Babban nawa Bafillatana ya aura, Aisa, suna zaune bayan gari da shanu, suna kuma noma. Sun karɓe ni da kyau. Aisa ta dama mini fura da nonon da ban sha irinsa ba tun ina amarya, yara suka kewaye ni suna magana da Fillanci suna dariya, in na juyo su koma Hausa. Wani ƙaraminsu mai kan tulu na kama kunnensa na ce ga mijina na samu, ya fizge ya ce shi ba ya auren mai haƙori biyu. Na ji daɗin ganinsu ƙwarai, amma ina kallonsu ina zaɓe a zuci, kamar mai taya akuya a kasuwa, abin ya riƙa ba ni kunya. Ga shi kuma ɗan fari ba a zama da shi a yi magana ido da ido. Sai da na kwana biyu sannan na sami Aisa ita kaɗai tana kaɗa nono.

"Ki hwaɗa ma mai gidan ga, ɗakina ya yi mini girma. Ina biɗar wadda za ta taya ni zama."

Da yamma ya zo ya tsuguna bayan zana, ni ina ciki, ya yi ta ba zanar amsa. Ya ce mazan duk suna cikin kwazazzabai da shanu, an rarraba garken gida uku don kada gardi su gan shi a haɗe, in ya cire yaro ɗaya kamar ya miƙa shanun ne da hannunsa. Macen kuwa ɗaya ce, tun tana ciki aka yi wa uwar Aisa alkawarinta. Duk gaskiya ya faɗa. Da zan tafi aka cika mini ƴar tukunya da man shanu. Na zo neman mutum na tashi da mai, na yi godiya na hau jakina.

Daga can sai Buza, wurin ɗana na biyu, Illa. Hanyar ta bi ta kusa da Garhanga, har ina hango gawon da ke bakin gonarmu, amma na ƙi shiga. Na san in na shiga Idi zai leƙa bayan jakin ya ga ba kowa, ba zai ce komai ba, shirun nasa ne ba na so. Na kwana wani ƙauye wurin mutanen da ban sani ba, gwiwoyina sun kumbura, na shafa musu man shanun Aisa. A nan na fara jin gajiyar da ba ta barci ba ce.

Illa shi ne wanda nake iya zagi ya yi dariya, shi ya sa na sa rai a kansa. Na same shi ba yadda na san shi ba. An sa sunansa cikin masu aikin hanyar kumandan, Baturen mulki, yana fita da asuba yana fasa dutse, ya dawo hannuwa duk sun tsage. Matarsa Rabi tana da goyo, rijiyarsu kuma tana can ƙasan tudu, mai zurfin da sai ka ja guga har ka manta abin da kake ja. Ƴan matansu biyu su ne ƙafafun gidan. Ƙaramar, Zali, ita ta shiga raina: baki kamar reza, ido a tsaye, ranar da na iso ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi uwarta ko wannan tsohuwar da abincinta ta zo. Na ce wannan tawa ce, za mu yi faɗa kullum mu shirya. Na bari Illa ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan na gaya masa ba kewaye.

Ya dubi tafin hannunsa.

"Inna, in kin ɗauki Zali, wa ka kai mini hura bakin hanya? Babbar na ga ruwa, Rabi na ga goyo. Ke dai ki zamna nan. Ga ɗaki, mu share miki."

"Ɗaki gare ni, Illa. Ɗakin na nika son in tsare."

"Gidan ƙasa na hwa, Inna. Mi a ciki?"

Na tashi na kwashe kwanuka. Na yi fushi da shi ranar, fushi sosai, ko da yake da idona na ga Zali tana hawa tudu da ƙwaryar fura a ka cikin rana. Na ƙara kwanaki ina taya Rabi daka da raino, ko za su canza magana. Ba su canza ba. Suna kyautata mini, suna kuma kaffa-kaffa da yarinyar kamar na zo sata.

Habsu ba ta cikin lissafina tun farko, wannan ku riƙe shi da kyau. Kowa ya san halin da take ciki. Tana aure wani ƙauye gefen Madawa, cikin fadama inda suke noman albasa, kuma wabi take yi, wato ta haifa ya mutu, ta haifa ya mutu. Uku ta binne. Wa zai je neman jika wurin irin wannan? Na tafi ne don na daɗe ban gan ta ba, kuma gaskiya don ban san da wace fuska zan koma Garhanga ba. Na bi masu jakai da suka kawo albasa Buza za su koma. Zafi ya riga ya shigo. A hanya wata kamyo, babbar motar sojoji, ta wuce da ƙara, jakin ya zabura ya yar da ni kan tsakuwa, na tashi na kakkaɓe zane, ko zaginsa ban iya yi ba. Na tuna ina tafe ina tambayar kaina me tsohuwa kamata take nema a bayan duniya.

Da na shiga gidan ban gane ƴata ba sai da ta yi magana. Ta bushe, wuya ya yi tsawo, ga ciki ya fara turo zane. A gindinta wani yaro yana tsaye da ƙafafunsa yana shan nono, haƙora cike da baki, an aske masa rabin kai an bar rabi, kunne ɗaya a huje. Na miƙa hannu na ce zo nan mijina, wa ya yi maka wannan askin wulaƙanci. Habsu ta ture shi gefe da gwiwa, ba ta ko dube shi ba.

"Bar shi, Inna, ba kowa ba na. Juji muka ce mishi."

Na san dabarar, kowace mace ta san ta. Ɗan wabi ba a nuna ana son sa. Ana ba shi sunan banza, a yi masa askin banza, a riƙa yi kamar ba a damu da shi ba, wai ko abin da ke ɗauke ƴan'uwansa zai wuce bai kula shi ba. Na sha gani a gidajen mutane, amma ban taɓa zama na kalli ƴata tana yi ba. Ba ta yi masa wasa, ba ta goya shi gaban mutane, in ya faɗi sai ta ce wa wata ta ɗauke wannan abin. Amma ko tari ya yi sai taɓarya ta tsaya a hannunta.

Da ta ji abin da ya fito da ni, da yadda na taso hannu biyu daga gidajen yayyenta, sai ta tashi ta ɗora tukunya. Washegari muna tsinke yakuwa ta yi magana, idonta a kan ƙwarya.

"Inna, dut ukun bayan yaye sunka tahi. Suna ga nono lahiya lau, ana cire su sai zawo, sai zazzaɓi. Shi as sa nib bar wanga har yanzu. Ga shi ciki ya shigo, nonon ya ɓaci, dole a cire shi. Ki tahi da shi."

"Yaye kika nuhi? In kai shi ya manta nono in maido miki?"

"A'a. Ki tahi da shi dai."

Na ajiye yakuwar na dube ta. Na ce ni mai ɗebo mini wuta na fito nema, ba wanda zan goya ba. Na ce bayana ya gama goyo tun tana ƙarama, hanyar nan ko ni da jaki da ƙyar muka kawo, ina zan kai yaron da bai san komai ba sai nono, cikin wannan zafi? In ya mutu a hannuna fa, in zo in ce mata me? Na yi ta faɗa, ita tana tsinke ganye. Abin da ban gaya mata ba shi ne, tana rufe baki zuciyata ta ce ga gidanki ya dawo. Na ji daɗin ya taso mini, na ji ƙyamar kaina a kansa, shi ya ƙara sa na ƙi. Na ce mata ba zan ɗauka ba, kada ta sake tayar mini da zancen.

Ba ta sake ba. Mijinta Mamman ne ya same ni a bakin rijiyar lambu, mutum mai ƙarancin magana, ya gaishe ni ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, mun yi rubutu, mun yi sadaka, mun canza ɗaki. Ƙasag ga ba ta karɓe su ba. Ni na yarda, uwata ma ta yarda."

Na ce masa rai a hannun Allah yake, a Garhanga ma ana mutuwa. Ya ce haka ne, ya tashi ya koma ban ruwa.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. A bayan ɗakin Habsu, cikin gida, nan aka binne yaran, ƴan tudu uku a jere an ɗora musu ƙaya. Kullum da safe takan share wurin kafin ta share tsakar gida. Wata safiya na zagaya zan zubar da ruwan alwala na same ta a duƙe da tsintsiya. Ta share na farko, ta share na biyu, ta share na uku, sannan ta matsa gaba ta share wani wuri a gefensu inda babu komai, daidai tsawonsu, ta tsince tsakuwar da ke ciki. Ƙasar wurin ta yi sumul, da gani ba ranar ta fara ba.

"Habsu, wanga wurin na wa na?"

Ta dubi wurin kamar yanzu ta gan shi, ta dubi tsintsiyar.

"Ban sani ba, Inna. Hannuna na ka zuwa."

Na koma ɗaki na zauna. Da ta shigo na ce ta haɗa masa abin da za ta haɗa. Ta ce babu abin haɗawa, kuma ba za ta miƙo mini shi hannu da hannu ba, don abin da aka bayar an san inda ya tafi. Yar da shi za ta yi, ni in tsinta. Ta sa na yi mata alkawari duk wanda ya tambaye ni, ko a hanya ko a gida, in ce tsintacce ne, kada bakina ya taɓa haɗa sunanta da nasa.

Da hantsi aka yi. Na fita da jakina ta ƙofar gida kamar na yi sallama, na zagayo ta baya inda suke zubar da toka da shara. Matan maƙwabta sun tsaya jikin darni. Habsu ta fito riƙe da shi ta hannu ɗaya, ta ɗora shi kan jujin cikin fasassun ƙwarya, ta juya ta shige. Da farko ya ɗauka wasa ne, yana ɗibar toka yana watsawa. Da ya ga ba ta waiwayo ba ya fara kiranta. Na matso na tsaya kansa, na ɗaga murya yadda za a ji.

"Wanga na wa na?"

"Ba mu san mai shi ba," in ji matan. "Yasasshe na."

"To, ni na tsinta."

Na ɗauke shi yana harbi yana ihu, na ɗaure shi a baya da zanen da ya rage mini. Daga cikin gida sai na ji daka ta tashi, da ƙarfi, ba tsayawa. Na yi daka tun ban kai turmi tsawo ba, na san ƙarar turmi mai hatsi, na san ta wanda babu komai a ciki. Wannan babu komai a cikinsa. Muna tafe ina jin ta har muka fita fadamar.

Komawar ba na son tuna ta. Ya yi kuka har murya ta dushe, ya ƙi fura, ya ƙi ruwa, sai laluben ƙirjina yake. Na ba shi abin da ya bushe shekara da shekaru, ya tsotsa bai sami komai ba ya cije ni. A wata ruga na roƙi nonon akuya, ina ɗiga masa da yatsa. In na hau jaki ya yi kuka, in na sauka bayana ya yi kuka, haka muka riƙa yi. Kafin mu kai Buza jikinsa ya yi zafi, na zauna gindin wata aduwa na kwance shi na ɗora a cinya, ina duban cikinsa yana hawa yana sauka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har na ce wa Allah in ɗauka zai yi ya haɗa da ni, don ba ni da ƙafar komawa Madawa da wannan labari. Zazzaɓin ya sauka a gidan Illa. A nan kuma maganar da kuke ji ta samo asali. Rabi ta gane shi, kamannin Mamman ne sak, ta tambaye ni yadda aka yi Habsu ta rabu da shi. Na ce tsintarsa na yi. Ta dube ni, ta dubi Illa. Sun san al'adar, amma sun kuma san abin da na fito nema da yadda na bar gidansu da fushi, sai suka haɗa biyu da biyu yadda ya yi musu. Ni kuwa alkawari ya ɗaure mini baki.

Na shiga Garhanga hadari yana haɗuwa a gabas. Idi ya zo ya leƙa bayana, ya ga rabin kai da kunne a huje, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanga na mai tsaron gidan?"

"Jika kac ce. Ba ka ce mai gemu ba."

Ya girgiza kai ya tafi, bai sake tayar da maganar ba, Allah ya jiƙansa. Na sami gidana. Amma hutun da na yi zaton zan samu ban gan shi ba. Na yi shuka da goyo, na yi noma da goyo, ni ke ɗebo wutar, ni ke korar awakin. Duk damana in sauro ya taso ba na runtsawa. In ya yi atishawa sai in tashi in taɓa goshinsa. Cikin da na baro Habsu da shi ta haife, mace, ba ta kai yaye ba ma. Daga ita ba ta sake haihuwa ba. Da labarin ya zo na zauna na dubi Juji yana bin ƴan awaki a tsakar gida, na ce yanzu duk abin da ƴata ta mallaka a duniya yana hannuna, ni kuwa na karɓe shi ne ina neman gidan ƙasa. Wannan nauyin ya fi goyon.

Shi ya sa da ya yi famfara, haƙoran girma suka fito, ya yi ƙwari har yana kai awaki kiwo shi kaɗai, na yanke shawarar maida shi. Na san in na maida shi Idi yana da ikon karɓar gidan, na ce ya karɓa, na gaji. Tsohon jakin ya mutu, na ari wani, muka sake bin tudun nan da kwarin nan, wannan karon shi ke jan jakin ina bisa. Ban gaya masa wurin wa za mu ba, na ce dai za mu gaida dangi.

Mun sami Habsu tana shanyar albasa a tsakar gida. Ta ɗago ta gan mu, ta miƙe a hankali. Ta gaishe ni, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Garhanga ɗaya bayan ɗaya, ta kawo ruwa. Shi ta ba shi nasa a ƙwaryar baƙi. Idonta yana kansa daga ƙafa har ka, amma da ya dube ta sai ta kau da kai. Na jira ya fita wurin yara, na jawo ta kusa.

"Ga ɗanki nan na kawo miki. Ya tsallake, Habsu. Dube shi, ƙato na."

Ta waiwaya ta dubi ƙofa, ta dubi bayan ɗaki, ta rage murya har da ƙyar nake ji.

"Wane ɗa, Inna? Ni ban da ɗa. Nawa na nan baya, su huɗu."

"Ke, bari wagga magana. Shekara nawa yanzu?"

"Don Allah ki yi shiru kada a ji. Ki kwana, da sahe ki tahi da abinki."

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce mata wannan ba addini ba ne. Ta ce ta sani. Da safe ta dama fura mai yawa ta cika mana gora, ta raka mu har bakin fadama, tana gefena, shi yana gaba da igiyar jaki. Da za ta juya ta sa hannu kamar za ta taɓa kansa, sai ta kakkaɓe wani abu a wuyan jakin.

"Yaro," in ji ta, "ka riƙa ma tsohuwa sannu bisa dutsi."

Ya ce to. Muka kama hanya.

Ta rayu shekaru bayan haka, ya girma ya san ko ita wace ce, yana zuwa gaishe ta da tsaraba, ita kuma tana karɓarsa kamar ɗan maƙwabta mai kirki. Har ta koma ga Allah ba ta kira shi ɗanta ba ko sau ɗaya. Ta tafi tana ganin shirunta ne ya raya shi, ni kuwa da nake ganinsa yana shiga yana fita da ransa, ban taɓa samun bakin ce mata ba haka ba ne.